Mahayan da Suka Yi Yaƙi da Ƙafa: Runduna ta Biyu ta Sojojin Dokin Ajiya na Birtaniya

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamai da ɗalibai, batunmu na yau shi ne wata babbar rundunar sojojin doki ta ajiya da Birtaniya ta haɗa a farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, wadda aka tsara komai nata a kan doki, amma babban yaƙinta da ƙafa ta yi shi.

Mahayan da ake kira Yomanri sun samo asali ne a 1794, lokacin da Ingila ke fargabar mamayar Faransa, sai manoma masu hali da iyayen ƙasa suka kafa ƙungiyoyin sa-kai, kowa ya zo da dokinsa. An fi amfani da su wajen kwantar da tarzoma a cikin gida, kuma sunansu ya ɓaci a 1819 sa'ad da suka afka wa taron jama'a a Mancesta. A 1908 ministan yaƙi Richard Haldane ya shigar da su cikin sabon tsarin sojojin yanki, aka jera su birged goma sha huɗu. Mutum yana sana'arsa, yana zuwa atisaye jefi-jefi, yana kuma shiga sansanin horo sau ɗaya a shekara. Abin lura shi ne doka ta ɗora musu tsaron gida ne kawai, ba a iya tura kowa ƙetare sai da yardarsa.

Da yaƙi ya ɓarke a 1914, aka haɗa birged huɗu na Yomanri suka zama wannan Runduna ta Biyu a ƙarƙashin Manjo Janar William Peyton: biyu daga kudancin tsakiyar Ingila, ɗaya daga Nottingham da Derby, ɗaya daga Landan. Kowace birged tana da rajimanti uku, kowace rajimanti tana da mutum ɗari biyar da wani abu, sannan ga igwa da dawakai ke ja, ga masu jinya, ga masu isar da saƙo. Tunda kowace rajimanti ta gunduma guda ce, maƙwabta ne da 'yan'uwa suke sahu ɗaya, hafsan ma sau da yawa shi ne mai gonakin da mahayansa ke haya. Wannan ya ba su haɗin kai, amma a ganina ya sa cancanta ta koma bayan gado wajen naɗa shugabanni. Daga Nuwamba 1914 suna gadin gaɓar tekun Norfolk, a Afrilun 1915 kuma aka kwashe su zuwa Masar.

A nan ne tsarin ya gamu da gaskiyar yaƙi. A watan Agusta aka buƙaci ƙarin mutane a Galifoli, a ƙasar Turkiyya ta yau, inda ake fafatawa da dakarun Daular Usmaniyya, wurin kuma tsaunuka ne da ramuka, babu inda doki zai yi sukuwa. Aka umarce su su sauka. Doki kuwa ba bindiga ba ne da za a jingine a ɗaki. Yana bukatar ci da sha da shara kullum, saboda haka kowace rajimanti ta bar wani kaso na mutanenta a Masar don kiwo. Abin da ya isa gaɓar Suvla a Galifoli runduna ce a suna, amma yawanta bai fi na birged guda mai kauri ta sojojin ƙasa ba.

Ranar 21 ga Agusta 1915 aka tura su kan tudun Scimitar. Sai da suka ratsa busasshen tafkin gishiri a fili, cikin sahu, igwar Turkawa na zuba musu wuta, ga ciyawa ta kama da gobara tana cin waɗanda suka ji rauni. Wasunsu sun kai ƙololuwa, amma ba su iya riƙe ta ba. Birgediya Janar Lord Longford ya mutu a wurin, wani mahayi kuma, Frederick Potts, ya sami lambar yabo mafi girma saboda ya jawo abokinsa mai rauni a kan shebur har ya kai shi tsira. Bayan haka cututtuka, musamman atuni, suka ci gaba da rage su har aka janye ragowar kafin ƙarshen shekara. A Janairun 1916 aka rushe rundunar.

Rajimantocin dai sun koma kan dawakansu. Mahayan Dorset sun yi sukuwa da takubba a kan dakarun Sanusiyya a Agagiya, yammacin Masar, ranar 26 ga Fabrairu 1916, Sanusiyyar nan da ta mara wa Kawusan, jagoran Abzinawa, baya lokacin da ya yi wa Agadas ƙawanya a ƙarshen wannan shekara. A 1917 aka sake haɗa wasunsu cikin sabuwar rundunar Yomanri a Falasɗinu ƙarƙashin Manjo Janar George Barrow, inda suka ƙwace tudun Mughar a kan doki ranar 13 ga Nuwamba, makonni kaɗan kafin Birtaniya ta shiga Ƙudus.

A nan zan dakata don mu shiga tambayoyi.