Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Gidaje da Raya Birane Yayin Ziyararsa Garin Gombe

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai Girma Minista, babban baƙonmu na yau. Wakilin Mai Girma Gwamnan Jihar Gombe. Wakilin Mai Martaba Sarkin Gombe, Allah ya ja zamanin Sarki. Iyayenmu hakimai, dagatai da masu unguwanni. Malamanmu na addini. Injiniyoyi da masu zanen gine-gine. Iyayenmu mata, matasa da sauran jama'a.

Ranka ya daɗe, a madadin kwamitin mazauna unguwannin bakin kwari, muna yi maka lale marhabin da zuwa Gombe. Ba sai mun tsaya jera ayyukanka ba, wanda bai gani da ido ba ya ji a rediyo. Ka baro ofis da tarin aiki, ka zo ka buɗe baje kolin zanen birnin gobe da 'ya'yanmu suka shirya, kuma ka yarda a ba talakawa minti kaɗan su yi magana a gabanka. Wannan kaɗai ya isa shaida a kan irin shugaban da kake. Allah ya ƙara girma.

Da yake lokacinka a ƙayyade yake, bari mu fara da abin da ya kawo mu, kada mu yi ta kewaye har a karɓe abin magana daga hannunmu. Akwai kwari a bayan gidajenmu, yana cin unguwa duk damina. Roƙonmu a gyara shi kafin ruwan baɗi ya sauka. Duk abin da za ka ji bayan wannan, bayani ne a kan wannan roƙo.

Yallaɓai, garin da ka shigo ba na jiya ba ne. Modibbo Buba Yero, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa masarautar nan a 1804, fadarsa tana Gombe Abba, a bakin kogin Gongola. Turawa suka ɗauke hedikwata zuwa Nafada a 1913, sannan suka dawo da ita nan Doma a 1919. Wato mu mutane ne da suka tashi gari sau biyu suka sake gina shi da hannunsu, don haka zancen sabon birni ba ya ba mu tsoro. A 1956 aka kafa injin gurzar auduga, har yau akwai unguwar da ake kira BCGA da sunan kamfanin Turawan da ke sayen audugar. Jirgin ƙasa ya iso a 1963, ya riƙa kwasar auduga da gyaɗa da wake zuwa kudu. Simintin Ashaka, wanda ya fara fita a 1979, dutsen ƙasarmu ne, kuma da shi aka ɗaga benaye a garuruwan da ba su taɓa jin sunan Bajoga ba, garin da ke kusa da kamfanin. Madatsar Dadin Kowa tana ba mu ruwan sha, tana kuma da injin wuta mai ƙarfin megawat 40. Ranar 1 ga Oktoba 1996 aka cire mu daga Jihar Bauchi, Gombe ta zama babban birnin jiha. Mun ciyar da ƙasar nan, mun tufatar da ita, mun ba ta abin gini. Idan yau muka miƙa hannu, ba bara muke yi ba.

Sai dai girman da garin ya yi daga 1996 zuwa yau ya zo da nasa nauyi. Gombe zaune take kamar a cikin ƙwarya: tudun Akko ta yamma, dutsen Liji ta gabas, gari a tsakiya. Ƙasar kuwa rairayi ce, ba ta da riƙo. A da, ruwan da ya sauka a kan tudu gonaki ne ke tare shi, da ɗorawa da tsamiya da kuka, ya nutse a hankali. Da ma'aikata da 'yan kasuwa suka yi ta shigowa, daga baya kuma 'yan'uwanmu da rikici ya koro daga Borno da Yobe, sai gonakin suka koma fulotai. Aka sare itatuwa, aka kafa rufin kwano, aka malale tsakar gida da siminti, aka shimfiɗa kwalta. Kowane gida a sama ya fitar da bututu ya saki ruwansa kan titi. Ruwan da ƙasa ke shanyewa a da, yanzu haɗuwa yake yi ya gangaro da gudu, kuma mu na ƙasa mu ne masu karɓarsa. Duk wanda ya yi wayo a garin nan bai manta da ambaliyar watan Agusta na 2004 ba, da rayukan da ta ɗauka.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kwarin namu, dattawan da ke zaune a gabanka sun san shi yana ɗan lambatu da yaro ke tsallakewa da ƙafa ɗaya. Yau in mutum ya tsaya a cikinsa ba a hango kansa. Ba ta sama yake ci ba, ta ƙasa yake raraka. Ruwa ya kwashe gindin gaɓa, saman ya tsaya a rataye kwana biyu kamar ba komai, sai cikin dare a ji rugugi. Akwai gidan da katangar bayansa ta tafi, masai ya tafi, yanzu ƙofar ɗakin uwargida kai tsaye take kallon rami, an gicciya tsohon kwano da itace saboda yara. Tushen ginin makarantar Islamiyyarmu a fili yake, kana iya ƙirga layin bulo da idonka. In hadari ya haɗo, malam sallamar yara yake yi tun kafin ɗigon farko, domin na wancan ƙetaren su samu su haye. Mace mai naƙuda kuwa sai an zagaya da ita ta babban titi, tafiyar da a da taku kaɗan ce. Abin da ya fi ci mana rai shi ne maƙabarta. Ba za mu faɗi abin da muka gani a gefenta ba a gaban wannan taro, amma mun sake suturta iyayenmu da hannunmu.

Kada a ce mun naɗe hannu muna jiran gwamnati. Duk rani ana yin karo-karo gida-gida. Matasa sun cika buhuna da yashi, sun jera tsofaffin tayoyi, mun dasa jema da gora a gaɓa. Ruwan farko na iya raga musu, na Agusta ba ya bari. An sha zuwa da na'urar awo, a kafa turaku, a shafa jan fenti a bangon mutane, a tafi. Ba mu kama sunan kowa ba. Fentin dai yana nan a bangon da bai riga ya faɗa ba.

Kuma mun san abin yana gyaruwa, domin mun gani a garin nan. Kwarin da ya taso daga Jami'ar Jihar Gombe ya bi ta Malam Inna zuwa Kagarawal an yi masa aiki a ƙarƙashin NEWMAP, shirin yaƙi da zaizayar ƙasa na Bankin Duniya: an zuba kankare a ƙasa, an ɗaure gaɓa, an dasa itatuwa. Mutanen can yanzu barci suke yi in ana ruwa. Muna taya su murna da zuciya ɗaya, muna kuma yaba wa gwamnatin jiha kan wannan da kan shirin dashen itatuwa na 3G da aka fara a 2019. Irin wannan aikin muke roƙo, ba wani sabon abu ba.

Ranka ya daɗe, mun zagaya mun ga zanen da yaranmu suka baje, wallahi sun burge mu. Ga benaye, ga faranti mai kama hasken rana a kan rufi, ga hanyar keke. Amma tunda an ce kowa ya faɗi yadda yake hango birnin gobe, mu ma ga namu, ko da yake ba mu yi karatun zane ba. Yawancin abin da ake kira ginin zamani a yanzu gilashi ne daga sama har ƙasa. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, irin wannan gini ba ya zaunuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki, ita kuma sai da wuta, wutar kuma sai da janareto. Ranar da babu mai, ma'aikata a gindin darbejiya suke wuni. Muna jin labarin birnin da Saudiyya ta zana a hamada, mai tsawon kilomita 170 a miƙe, bangonsa madubi. Allah ya ba su sa'a, suna da abin yi. Mu namu lissafin daban ne.

Kakanninmu sun san zafin nan kafin mu. Suna gini da tubali, bango mai kauri, ƙaramar taga, a yi rufin soro da azarar giginya, a shafe da makuba, a sa indararo ya jefa ruwa nesa da gindin bango. Bangon yakan riƙe zafin rana bai bar shi ya shiga ba sai dare, lokacin da an riga an fito tsakar gida shan iska. A nan maƙwabta, a Kafin Madaki ta Jihar Bauchi, ginin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi tun ƙarni na 19 yana tsaye, shi ne kuma ya gina tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Kada wani ya ce wannan zancen da ne. Francis Kéré, mai zanen gine-gine ɗan Burkina Faso, da bulon ƙasa ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando, ya ɗaga rufin kwanon sama da ɗakin don iska ta ratsa ta kwashe zafi, kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, wadda ta fi kowace girma a wannan fage. A Dandaji ta Jamhuriyar Nijar, garin Hausawa irinmu, Mariam Kamara da abokiyar aikinta sun gina sabon masallaci da matsattsen bulon ƙasa, suka mai da tsohon ya zama ɗakin karatu. Ba gaba muke yi da siminti ba, ai namu ne. A sa shi inda ya dace: tushe, gada, magudanar ruwa. Magudanar ruwa musamman.

Domin a ganinmu, wanda zai zana Gombe ta gobe ya kamata ya fara zana hanyar ruwa kafin ya zana titi. Mun duba hotunan da kyau, ba mu ga inda aka nuna ina ruwan waɗannan kyawawan rufuna zai bi ba. Mu mun san inda zai bi.

Saboda haka ga koke-kokenmu. Na farko, kwarin nan. Muna roƙon ka sa baki, ko ta ma'aikatarka, ko ta asusun kula da muhalli na tarayya, ko ta ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace da jiharmu ke ciki, a sa shi cikin aikin bana. Aikin kwari na rani ne. Da zarar ruwa ya sauka a watan Mayu babu ɗan kwangilar da zai iya zuba kankare a ciki, shekara ta wuce ke nan, kuma akwai gidajen da ba za su kai wata shekarar ba. In kuɗin aikin gaba ɗaya bai samu ba, a fara da ɗaure gaɓar maƙabarta da ta makaranta da duwatsu cikin ragar waya, a yi mana 'yar gadar ƙafa.

Sauran biyun ba su kai wannan zafi ba. A sa wa masu sabon gini a kan tudu sharaɗin tankin tara ruwan sama, da barin wani sashe na fili ba siminti, da dasa itace; a garin da ake sayen ruwa a kura, wannan riba ce gare su, sauƙi ne gare mu. Sannan a samar wa matasan magina injin matsa bulon ƙasa da horo, a gwada da aji ɗaya ko ɗakin shan magani ɗaya, jama'a su shiga da azahar su ji bambanci da jikinsu.

Yallaɓai, mun san an riga an tsara maka inda za ka je. Duk da haka muna roƙon alfarma: kafin ka kama hanyar filin jirgi na Lawanti, ka ratse ka tsaya a bakin kwarin nan ko na minti biyar ne. Ba mu share hanya ba, ba mu kafa rumfa ba, so muke ka gan shi yadda yake. Takardar kokenmu da hotuna tana hannun sakataren kwamiti, zai miƙa maka yanzu da izininka.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya mai da kai gida lafiya. Allah ya ja zamanin Sarki. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaba da Sakatare,
a madadin kwamitin mazauna unguwannin bakin kwari, Gombe.