Ƙarfen da Tokarsa Ta Fi Shi Nauyi

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To madalla. Abu uku zan faɗa a kan wannan ɗan zirin ƙarfe da ke hannuna, magniziyam. Zan kunna shi, amma don Allah kada kowa ya ƙura masa ido, haskensa na cutar da ido kamar na mai walda.

Kun gani? Fari fat! Ya tafi, sai farar toka.

Na farko, kuma shi ya sa nake ƙaunar ƙarfen nan: tokar nan ta fi ƙarfen nauyi. Ku sake ji, ta fi shi nauyi! Kowa a nan ya san murhu. A zuba itace dami guda, gari ya waye tokar ba ta cika ƙwarya ba. Shi ya sa muka taso muna cewa wuta ci take yi. To itacen nan iska ya bi, ya zama hayaƙi da tururi. Magniziyam kuwa kamo iskar oksijin yake yi, ya riƙe ta gam. Giram 24 nasa ya kama giram 16 na oksijin, ka auna ka samu giram 40. Iskar da ba ka gani, ga ta a kan sikeli! Sai dai a rufe ƙoƙon gwajin, ana ɗan ɗaga murfi, don farin hayaƙin nan shi ma toka ce, in ya tsere lissafi ya ɓaci. Giram 40, jama'a.

Na uku... af, na biyu ko? (Dariya.) Humphry Davy ne ya fara ware shi a Ingila a 1808, masu hoto na da kuma da hodar magniziyam suke haska fuska. Mu wuce.

Na'am, 'yata, ɗaga murya.

"Malam, in ya kama da wuta, ruwa za a zuba?"

A'a! Kul! Ga abu na uku ke nan. Ƙwace oksijin ɗin cikin ruwan zai yi, ya saki iskar haidirojin mai kamawa da wuta, ita kuma ta ƙara wa wutar ƙarfi. A tseren motoci na Le Mans a Faransa, 1955, inda sama da mutum 80 suka rasu, jikin motar Mercedes ɗin da ta yi hatsari haɗin magniziyam ne. Aka watsa ruwa, wuta ta ƙara tashi. Ko tukunyar kashe gobara mai iskar kabon dayoksaid ba ta kashe shi, a cikin iskar ma ci yake, ya bar baƙin gawayi cikin farar toka. Busasshen gishiri ake lulluɓe shi da shi, ko busasshen yashi. Busasshe, 'yata, kin ji?