Idan Lauyan da Ke Riƙe da Wasiyya Ya Yi Ritaya

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malam Shugaba, iyayenmu, malamai, 'yan uwa maza da mata, barkanmu da zumunci. Allah Ya jiƙan magabatanmu.

Kwamitin walwala ne ya ɗora mini wannan magana. Mace tana cikin takaba, ta san maigidanta ya rubuta wasiyya a wajen lauya tun yara suna ƙanana, kwafinta ma yana cikin jakar da yake ajiye fasfo. A tura ɗa ofishin lauyan, ya tarar wurin ya koma shagon aski, mai ofishin ya yi ritaya. Daga nan hankali ya tashi.

Ofishin da ke ba da izinin taɓa dukiyar mamaci a nan Ingila, wato Probate Registry, ainihin takardar yake nema, wadda mamacin ya sa wa hannu a gaban shaidu biyu. To amma lauya ba ya rufe ofis ya watsar da amanar mutane. Galibi wani kamfanin lauyoyi ne ke gadar takardunsa. Ku tambayi SRA, hukumar da ke sa ido kan lauyoyi, wa ya gaje shi. In kuwa hukumar ce da kanta ta rufe ofishin, takardun suna ma'ajiyarta. Akwai kuma National Will Register, rajistar da ke nuna inda aka ajiye wasiyyoyi, a biya kuɗi su bincika. Ku sake zazzage jakar nan, domin wasu kan kai wasiyyarsu ajiya ofishin gado na Newcastle, a ba su takardar shaida.

Wasiyyin da aka ambata a cikin wasiyyar, wato wanda mamacin ya naɗa ya zartar da ita, shi zai karɓo ta, da takardar shaidar rasuwa da katin shaidarsa. Don Allah, in ta zo hannu, kada a cire ɗan ƙarfen da ya haɗe shafukan, ko da za a yi kwafi ne. Hujin da zai bari ya isa a fara tambayar ko an zare wani shafi.

In an nema an rasa, akwai fom PA13, a nemi a karɓi kwafin. A nan zaman takardar a hannun lauya taimako ne. Da a gida ta ɓace, doka za ta ɗauka mamacin ne ya yaga ta da gangan, sai an kawo hujja.

Me ya sa nake nacewa? In babu wasiyya, dokar ƙasa ce ke rabo. Matar ta ɗauki kayan amfanin mamacin, da fam 322,000 na farko, da rabin abin da ya rage, 'ya'ya su raba sauran rabin. A shari'a ta Musulunci tumuni ne rabonta in akwai 'ya'ya, uwa kuma sudusi. A dokar nan, tsohuwarsa da ke Kano ko Damagaram ko kobo ba ta da shi. Wadda kuma aka ɗaura aurenta a masallaci a nan ba a yi rajista ba, wannan rabon bai san da ita ba, sai dai ta kai ƙara kotu.

Maza, na san ba ma son zancen. Duk wanda ya rubuta wasiyya, yau in an koma gida ya gaya wa uwargida sunan kamfanin, gobe ya buga waya ya ji ko suna nan. Masu tambaya su same ni bayan sallar La'asar.

Wassalamu alaikum.