Me ya sa faifan kwafi ke jinkirin ɗauruwa ranar gwaji?

Assalamu alaikum 'yan uwa. A ce babbar cibiyarku tana Accra, ta ko-ta-kwana kuma tana Kumasi, tazarar kusan kilomita 250. Duk wanda ya ga ambaliyar 3 ga Yunin 2015 a Kwame Nkrumah Circle, ko ya sha dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki a Ghana, ya san dalilin ajiye kwafin bayanai a wani gari. To ranar gwajin mayar da aiki cibiyar Kumasi ta zo, kun danna maɓalli a Site Recovery Manager na VMware, manhajar da ke tayar da aiki a cibiyar ko-ta-kwana, sai aiki ya cije a wurin ɗaura rumbun bayanai. Minti goma, minti ashirin, oga na tsaye a bayanku yana duba agogo.

Da yawa sukan ruga su ƙara wa'adin jiran laluben faifai, wanda asalinsa daƙiƙa 300 ne. Ku dakata tukuna. Wannan shafa mai ne a kan ƙurji.

Ga abin da ke gudana a ciki. Na'urar ajiya ta Kumasi takan ɗauki hoton faifan da aka kwafo, ta miƙa wa sabobin ESXi, wato manyan kwamfutocin da ke ɗauke da manhajar VMware. Kowace saba sai ta sake lalube duk hanyoyinta. In ta ga faifan, za ta gane kwafi ne, don haka sai an yi masa sabon sa hannu, wato sabuwar lambar shaida, shi ya sa kuke ganin suna mai farawa da snap. Bayan nan ne ake ɗaura shi. Ku buɗe vmkernel.log, fayil ɗin da saba ke rubuta abin da ke faruwa a cikinta, ku bi lokutan da aka rubuta a gefe, ku ga inda mintocin suka zube.

Sau da yawa a wurin laluben ne. Gwajin da ya wuce, wani ya goge faifan wucin gadi daga na'urar ajiya ba tare da ya cire shi daga saba ba. Sabar kuwa ba ta san ya tafi ba, tana ta sallama a ƙofar kango. In kun ga APD a rubuce, ma'anarsa duk hanyoyin zuwa wani faifai sun mutu, kuma ESXi kan jira daƙiƙa 140 kafin ya haƙura. Ku cire matattun faifan nan, sannan ku sake lalube.

Dalili na biyu ya fi wayo, kuma masu iSCSI yake kamawa, wato masu haɗa saba da na'urar ajiya ta hanyar sadarwar IP. Kun sa MTU, wato iyakar girman saƙo ɗaya, a bayit 9000 a saba da na'urar ajiya, amma wani suwic, na'urar da ke haɗa su a tsakiya, yana nan a 1500. Kamar lungun unguwar Nima a Accra ne: mai babur ya wuce abinsa, tirela ta maƙale. Ƙananan saƙonni na shiga, sai ku ga an haɗu lafiya, manya kuma suna faɗuwa. Ku gwada vmkping, umarnin aika saƙon gwaji daga saba, da -d da -s 8972, wato saƙo mai bayit 8972 ba tare da an gutsuttsura shi ba. Me ya sa ba 9000 ba? Saboda bayit 28 na bayanan adireshi ne da ke saman saƙon. In amsa ba ta dawo ba, ku bi suwic ɗaya bayan ɗaya.

Sai kuma yawan sabobi. In guda huɗu ne za su ɗauki aikin, kada a nuna faifan ga goma sha biyu, don kowacce sai ta yi nata laluben.

In kun gyara, ku share gwajin ta cikin manhajar kanta, ku sake gudanar da shi, ku rubuta mintocin kowane mataki kusa da na jiya.