Jin Magana: Albarkar Ƙaunar Littafi Mai Tsarki da Yi Masa Biyayya

'Yan'uwa cikin Almasihu, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku. Zan fara da wata kalma da kowannenmu yake faɗa kullum, wato kalmar "ji". Idan uwa ta ce ɗanta ba ya jin magana, ba wanda zai ɗauka cewa yaron kurma ne. Kunnensa lafiya lau, kukanta shi ne ba ya aikata abin da aka faɗa masa. Ibrananci, harshen da aka rubuta mafi yawan Tsohon Alkawari da shi, yana da irin wannan hali, domin kalmar "shema" da ta buɗe Maimaitawar Shari'a 6:4, inda aka kira Isra'ila ta ji, tana ɗauke da sauraro da biyayya a haɗe. Aya ta biyar kuma nan take ta umarce su su ƙaunaci Ubangiji da dukan zuciya, da dukan rai, da dukan ƙarfi. Saboda haka duk albarkar da zan ambata yau ta mutumin da yake jin Maganar Allah ce ta wannan ma'ana, wanda yake sonta, yake kuma bin ta.

Mu buɗe Zabura 119, sura mafi tsawo a dukan Littafi Mai Tsarki. Ayoyinta 176 ne, an kasa su kashi 22 bisa yawan haruffan Ibrananci, kowane kashi yana da ayoyi takwas da suke farawa da harafi ɗaya. Mutum ba ya zama ya tsara irin wannan waƙa a kan abin da aka ɗora masa dole, sai a kan abin da ya kwanta masa a rai, shi ya sa a aya ta 97 ya ce yana ƙaunar dokar Allah ƙwarai, yana tunani a kanta yini zubur. Amma ina roƙonku ku lura da halin da mawaƙin nan yake ciki. A aya ta 23 manya sun zauna suna ƙulla masa makirci, a ta 25 ransa ya manne da ƙura, a ta 69 masu girman kai sun shafa masa ƙarya. Wannan mutumin ne, ba wani ba, ya ce a aya ta 165 masu ƙaunar dokar Allah suna da salama mai yawa, ba abin da zai sa su tuntuɓe.

Na jaddada wannan ne domin akwai koyarwar da take damuna, wadda take mai da biyayya ciniki, kamar a ce ka kiyaye aya kaza, Allah ya biya ka da dukiya da lafiya. Mawaƙin Zabura bai san wannan ciniki ba. A aya ta 71 cewa ya yi wahalar da ya sha ta zame masa alheri, domin ta koya masa ƙa'idodin Allah, a ta 72 kuma ya fifita dokar bakin Allah a kan dubban zinariya da azurfa. Salamar da yake magana a kai kwanciyar ran wanda ya san inda ya dosa ce, ko da hanyar tana da ƙaya. Ubangijinmu ya tabbatar da haka a ƙarshen Matiyu sura 7, inda gidan mai hikima da na wawa duka biyu suka sha ruwan sama da ambaliya da iska, magina biyun kuma duk sun ji maganarsa. Abin da ya raba su shi ne ɗaya ya aikata, gidansa ya tsaya.

Yanzu na zo inda nake so mu ɗan daɗe. Da yawanmu muna jira mu fahimci komai tukuna kafin mu yi biyayya, alhali Nassi ya juya al'amarin. A Yahaya 7:17 Yesu ya ce duk wanda yake da niyyar aikata nufin Allah, shi ne zai gane ko koyarwar daga Allah take. Zabura 119:100 ta faɗi abu ɗaya, cewa mawaƙin ya fi dattawa fahimi saboda yana kiyaye umarnan Allah. Ku ɗauki misalin gafara. Mai bi zai iya haddace kowace aya a kanta, ya koyar da ita shekara da shekaru, amma ranar da ya tashi ya yafe wa ɗan'uwan da ya ci amanarsa, ya ji yadda abin yake da ciwo, a ranar ce zai fara gane tsadar gafarar da aka yi masa a kan gicciye. Wannan sani ba ya cikin kowane littafin sharhi. Haka ma aya ta 105, wadda ta kira Maganar fitila ga ƙafa: fitilar hannu ba ta haska dukan hanya, sai ka ɗaga ƙafa take nuna maka taku na gaba. Manzo Yakubu ya kwatanta mai ji kawai da mutumin da ya dubi fuskarsa a madubi, ya juya, nan da nan ya manta kamanninsa, sa'an nan ya ce mai aikatawa ne zai sami albarka cikin abin da yake yi.

Maganar kuma kariya ce. Bayan azumin kwana arba'in, sau uku Iblis ya gwada Yesu a jeji, sau uku kuma ya amsa masa daga Maimaitawar Shari'a. Lokacin jarraba ba lokacin neman aya ba ne, abin da aka riga aka ajiye a zuciya shi ne yake fitowa.

Kada wani ya fita daga nan yana cewa biyayya ce take sayen ceto. Afisawa 2:8-10 ta bayyana cewa ta wurin alheri aka cece mu, ta hanyar bangaskiya, kyawawan ayyuka kuwa su ne abin da aka halicce mu dominsa cikin Almasihu. Kada kuma mu yi zaton yawan karatu shi ne ƙauna, gama a Yahaya 5:39-40 Yesu ya tsawata wa masu binciken Littattafai da suka ƙi zuwa wurin wanda Littattafan suke yi wa shaida. A nan ne albarka mafi girma take. A Yahaya 14:23, a daren da za a bashe shi, ya ce wanda yake ƙaunarsa zai kiyaye maganarsa, Uba zai ƙaunace shi, za su zo wurinsa su zauna tare da shi. Ladan kiyaye Maganar shi ne zama da Mai Maganar, kuma a 15:11 ya ce ya faɗi waɗannan abubuwa ne domin farin cikinsa ya kasance a cikinmu, namu kuma ya cika.

An ga wannan farin ciki a fili a Nehemiya sura 8. Bayan dawowa daga bautar Babila, jama'a da kansu suka taru a dandalin Ƙofar Ruwa a ranar fari ga wata na bakwai, suka ce wa Ezra ya kawo littafin Shari'ar Musa. Ya hau mumbarin katako ya karanta tun da sassafe har rana tsaka, Lawiyawa suna bayyana ma'ana, mutane suka fashe da kuka domin sun ga nisan da ke tsakaninsu da abin da aka rubuta. Nehemiya ya hana su baƙin ciki, ya ce farin cikin Ubangiji shi ne ƙarfinsu. Kashegari shugabannin iyalai suka koma wurin Ezra neman ƙarin bayani, sai suka tarar an rubuta cewa a wannan wata Isra'ila za ta zauna a bukkoki. Ba su tsaya gardama ba, suka fita suka saro rassa, suka kafa bukkoki a kan rufin gidajensu da farfajiyoyinsu da filin Haikali, irin yadda ba a yi ba tun zamanin Joshuwa ɗan Nun. Nassi ya ce murnarsu ta yi yawa ƙwarai, Ezra kuma ya ci gaba da karanta musu littafin kowace rana har kwana bakwai na idin suka cika.