Kashi 48 cikin ɗari: me aka tambayi ɗaliban?

Jama'a, adadin nan da kuke gani, wanda ake ta turawa a zaurukan WhatsApp na iyayen yara daga Garwa har Marwa a arewacin Kamaru, ba ƙagen wani ba ne. Daga rahoton UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2019 ya fito, inda aka nuna cewa kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya yana fuskantar cin zali daga abokan karatunsa, a ƙasashen Afirka kudu da Sahara kuwa abin ya kai kashi 48 cikin ɗari. A wajen fassara aka yi tuntuɓe, har aka ce wai rabin yaranmu kullum sai sun sha duka.

Aikin binciken kansa ba shi da wuya: a zaɓi makarantu, a raba takarda, yaro ya cika ba tare da rubuta sunansa ba, a tattara. A kan tambayar ce za mu daɗe. Ana tambayar ɗalibi ko an ci zalinsa a cikin kwana 30 da suka wuce, ko da rana ɗaya ce, kuma cin zalin ya haɗa da laƙabin izgili, da yi wa yarinya dariya saboda jikinta, da ware mutum idan an fita tara.

Dan Olweus, masanin halayyar ɗan Adam da ya yi aiki a Jami'ar Bergen ta ƙasar Norway, ya gindaya sharuɗɗa uku: a yi abin da gangan, a riƙa maimaita shi, kuma wanda ake yi wa ya kasance ba ya iya ramawa. Masu amfani da ma'auninsa sukan ƙirga wanda abin ke samu sau biyu ko uku a wata zuwa sama, don haka aji ɗaya kan ba da adadi biyu mabambanta, gwargwadon tambayar da aka yi. Tsararraki biyu da ke kokawa a bayan aji ba sa cikin lissafi, haka ma Bafulatani da Babarbare masu wasan da suka gada, sai dai idan ɗayan ya daina dariya.

Ni a ganina matsalarmu a nan ta fi haka, domin takardar da Faransanci za ta zo, yaron kuwa da Fillanci ko Hausa yake tunani. Ku dubi wannan na bencin ƙarshe, wanda ake ƙwace masa kuɗin tara duk ranar Litinin. Ya cika sharuɗɗan nan uku, amma muddin malam na tsaye a kansa, "a'a" zai rubuta.