Amsoshin Tambayoyinku: Idan Allah Ya Riga Ya Sani, Ina Amfanin Addu'a?

Mai gabatarwa: Jama'a masu sauraro, salama a gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Kiristi, barkanku da war haka daga nan Gombe. Yawancin wasiƙun da suka iso mana a wannan mako sun taru ne a kan batu guda, wato rigyasanin Allah da zaɓen masu bi, shi ya sa muka ware shirin yau dominsa. Baba Rabaran, barka da zuwa. Wasiƙa ta farko ta fito daga wani ɗalibi a Kaltungo. Yana cewa ya karanta Romawa 8:29-30, ya ga an ce waɗanda Allah ya riga ya sani su ne ya ƙaddara, amma da ya tambayi malamai biyu sai kowannensu ya ba shi bayani dabam. Yana so ya san wanne ne daidai, kuma ko tuban da ya yi nasa ne ko kuwa an riga an yi masa.

Rabaran: Yawwa, barka kadai. Ɗana, malamanka biyu ba su suka fara wannan saɓani ba, gadonsa suka yi. Bari mu fara da abin da ayoyin suka faɗa. Manzo Bulus ya jera abubuwa biyar a kan mutane guda: Allah ya riga ya san su, ya ƙaddara su ɗauki kamannin Ɗansa, ya kira su, ya baratar da su, ya kuma ɗaukaka su. A Afisawa 1:4-5 ya ƙara da cewa an zaɓe mu cikin Kiristi tun kafin a kafa duniya. Babu ikkilisiyar da take riƙe da Littafi Mai Tsarki da za ta musa cewa akwai zaɓe. Inda aka rabu shi ne a kan dalilin zaɓen.

Tun a ƙarni na 5, a nan nahiyarmu ta Afirka, Agustin, bishop na garin Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya yi jayayya da wani malami mai suna Pelajiyus, wanda yake koyar da cewa mutum yana da ƙarfin da zai bi umarnin Allah da kansa. Agustin ya ce zunubi ya riga ya karya nufin ɗan adam, har bangaskiyar da mutum yake bayarwa ma kyauta ce daga Allah. Taron bishop-bishop a Kartaj ya yi watsi da koyarwar Pelajiyus a shekara ta 418. Bayan fiye da shekara dubu, Yohanna Kalbin, wanda ya yi hidima a Janeba ta ƙasar Suwizalan har ya rasu a 1564, ya ɗauki koyarwar Agustin ya ƙarfafa ta. A wurinsa, Allah bai duba wani abu cikin mutum ba kafin ya zaɓe shi, ko da bangaskiyar da zai bayar nan gaba ce, domin Romawa 9:11-13 ta ce an fifita Yakubu a kan Isuwa tun ba a haife su ba, tun ba su aikata nagarta ko mugunta ba.

Sai wani malami a Holan, Yakubu Arminiyus, wanda ya rasu a 1609, ya ce Allah ya zaɓi waɗanda ya hango za su karɓi bishara, kuma mutum yana iya ƙin alherin da aka miƙa masa. Yana dogara ga 1 Bitrus 1:2, inda aka ce an zaɓi masu bi bisa ga rigyasanin Allah Uba, da kuma 1 Timoti 2:4, inda aka ce Allah yana so dukan mutane su sami ceto. Almajiransa sun rubuta matsayinsu cikin batutuwa biyar a 1610, sai babban taron ikkilisiya da aka yi a garin Dort na Holan daga 1618 zuwa 1619 ya ƙi su. Duk da haka ra'ayin bai mutu ba, Yohanna Wesli, wanda ikkilisiyar Metodis ta samo asali daga wurinsa, ya ɗauke shi a Ingila. Shi ya sa har yau idan ka saurari fasto na Metodis daga Taraba, ka kuma saurari na CRCN ko NKST, ikkilisiyoyin da suke bin koyarwar Kalbin, za ka ji bambanci a kan wannan aya, alhali dukansu Yesu ɗaya suke wa'azi.

Akwai abin da matasa masu son gardama suke mantawa: Arminiyus ma bai taɓa cewa mutum yana juyowa ga Allah da ƙarfin kansa ba. Shi ma ya ce dole alheri ya riga ya taɓa zuciya tukuna. Ni dai a nawa karatun, na fi karkata ga cewa zaɓen Allah ne yake gaba, domin Yesu ya ce a Yohanna 6:44 ba mai iya zuwa wurinsa sai wanda Uba ya jawo. Amma ba na yarda a ɗauki wannan a gina a kansa cewa Allah yana tura mutum zuwa hallaka yadda yake jawo wani zuwa ceto, domin Ezekiyel 33:11 ta ce ba ya jin daɗin mutuwar mugu. Game da tubanka kuwa, ɗana, kai ne ka ji nauyin zunubinka, kai ne ka durƙusa, ba wanda ya shaƙe ka. Filibiyawa 2:12-13 ta haɗa biyun a numfashi ɗaya: ku yi aikin cetonku da tsoro da rawar jiki, gama Allah ne yake aiki a cikinku.

Mai gabatarwa: Ta biyu daga wata uwa ce a Billiri, 'yar zumuntar mata. Ta ce babban ɗanta ya daina zuwa sujada, ya shiga shaye-shaye, ta daɗe tana addu'a da azumi dominsa. Kwanan nan wani ya ce mata ta huta, wataƙila yaron ba ya cikin zaɓaɓɓu, abin da aka ƙaddara kuma ba ya sākewa. Ta ce tun daga ranar ta kasa yin addu'a.

Rabaran: Mama, sannu da haƙuri. Wanda ya faɗa miki wannan magana ya yi shisshigi, domin ya zauna a kujerar da ba tasa ba. Kubawar Shari'a 29:29 ta ce abubuwan da suke asirce na Ubangiji Allahnmu ne, waɗanda aka bayyana su ne namu da na 'ya'yanmu. Ba a nuna wa fasto ko dattijo ko annabin unguwa jerin sunayen zaɓaɓɓu ba. Abin da aka bayyana mana shi ne mu yi addu'a ba fasawa.

Ina so ki buɗe Ayyukan Manzanni sura 27 ki karanta a hankali. Ana kai Bulus Roma a matsayin ɗan sarƙa, cikin jirgin ruwa mai ɗauke da alkama, da mutum 276 a ciki. Guguwa ta kama su, kwanaki da yawa ba su ga rana ko taurari ba, har suka fid da zuciya ga rayuwa. Sai Bulus ya miƙe ya ce mala'ikan Allah ya tsaya kusa da shi da dare ya tabbatar masa ba wanda zai mutu, jirgin ne kawai zai lalace. Ga alkawari a fili, ga ƙarshen al'amari an riga an faɗa. To, a dare na goma sha huɗu, da matuƙan jirgin suka gane sun kusa da tudu, sai suka zurara ƙaramin kwale-kwale cikin teku, suna yi kamar za su saki anka ta goshin jirgin, alhali gudu suke so su yi. Bulus bai naɗe hannu ya ce ai an riga an yi alkawari ba. Ya juya ga jarumin soja ya ce idan mutanen nan ba su tsaya cikin jirgi ba, ku ba za ku tsira ba. Nan take sojoji suka datse igiyoyin kwale-kwalen. Da gari ya kusa wayewa ya roƙe su su ci abinci domin su sami ƙarfi, daga baya waɗanda suka iya iyo suka yi iyo, sauran suka kama katakai da tarkacen jirgi, dukansu suka kai gaɓar tsibirin Malta. Allahn da ya ƙaddara tsirarsu shi ne ya ƙaddara ta zo ta hannun matuƙan da suka tsaya, da gurasar da aka ci, da katakon da aka runguma.

Mu mutanen wannan yanki mun san haka a aikace. Idan kububuwa ta sari manomi a gona, ba wanda yake zama a gindin itace yana lissafin ko kwanansa ya ƙare, ɗora shi ake yi a kan babur a garzaya da shi asibitin masu saran maciji na Kaltungo, ana tafe ana addu'a. Addu'arki da hawayenki suna cikin hanyoyin da Allah yake aiki da su. Agustin ɗin nan da na ambata, wanda ya fi kowa koyar da zaɓe a zamaninsa, shi ma ya daɗe yana yawon duniya, mahaifiyarsa Monika tana kuka tana roƙo dominsa shekara da shekaru, sai a 387 aka yi masa baftisma a Milan yana da shekara 32. Ba zan yi miki alkawarin ranar da ɗanki zai dawo ba, ba ni da wannan iko. Amma ki koma ga addu'arki yau da dare, kada kuma ki rufe masa ƙofar gida, ki kuma nemi dattawan ikkilisiya su riƙa ziyartarsa, gama shaye-shaye yana bukatar taimakon mutane har da na likita.

Mai gabatarwa: Wani dattijo daga Tafawa Ɓalewa a Jihar Bauchi yana tambaya a gajarce: tun da an riga an rubuta cewa za a ba da Yesu, mene ne laifin Yahuza?

Rabaran: Baba, Ubangiji da kansa ya amsa wannan a Luka 22:22, inda ya ce Ɗan Mutum zai tafi kamar yadda aka ƙaddara, amma kaiton mutumin da zai bashe shi. Bitrus ma a ranar Fentikos ya ce an ba da Yesu bisa ga shirin Allah da rigyasaninsa, a cikin jimla ɗaya kuma ya ce wa jama'a ku ne kuka kashe shi ta hannun mugaye. Yahuza bai je wurin manyan firistoci domin ya cika annabci ba, azurfa talatin ya je nema, kuma Yohanna 12:6 ta nuna ya saba sata daga jakar kuɗin tun kafin wannan rana. A kan abin da ya so kuma ya aikata ake hukunta shi. Da kansa ya ce ya yi zunubi da ya ba da marar laifi, bai ce an tilasta shi ba.

Mai gabatarwa: Ga ta ƙarshe, ba a sa suna ko gari ba. Mai wasiƙar ya ce yana zuwa sujada, yana ƙaunar Yesu, amma tsoro yana hana shi barci, kada a ƙarshe ya tarar ba ya cikin zaɓaɓɓu.

Rabaran: Ɗan'uwa, ka lura da waɗanda Bulus ya rubuta wa Romawa 8. Masu bi ne da suke cikin wahala, shi ya sa surar ta ƙare da cewa ba abin da zai raba su da ƙaunar Allah, ko ƙunci, ko yunwa, ko takobi. Domin ta'aziyyarsu aka rubuta ta. Kalbin kansa ya gargaɗi mutane kada su yi ta tonon asirin Allah suna neman sunansu, ya ce Kiristi za su duba. A Yohanna 6:37 Yesu ya ce duk wanda Uba ya ba shi zai zo wurinsa, wanda kuma ya zo ba zai kore shi ba ko kaɗan. Rabin farko na ayar yana hannun Uba, rabi na biyu kuwa kana iya gwada shi, gama ka riga ka zo. Idan tsoron ya ci gaba da hana ka barci, ka je ka zauna da fastonka ka faɗa masa baki da baki, kada ka riƙe shi kai kaɗai.

Mai gabatarwa: Mun gode, Baba Rabaran. Lokaci ya ƙure mana, wasiƙun da suka shafi baftisma da zakka za mu ɗauke su a mako mai zuwa idan Ubangiji ya kai mu. Ku huta lafiya.